Keken Baba da Yashin Tsibiri

Shekarar da na bi iyalan maigidana zuwa wani tsibiri a tsakiyar tekun Indiya, ban so tafiyar ba tun daga farko. Ni mutumin Damagaram ne, tuƙi ya kawo ni Madina, amma da tsohon gidan, wanda muke kira Baba, ya samu shanyewar ɓarin jiki sai aikina ya koma kula da shi. Ciwon ya dagula masa Larabci, ya bar masa Hausar da ya sha a nono, domin mahaifiyarsa Bahaushiya ce da ta zo hajji tun zamanin tafiyar ƙasa ba ta koma ba. 'Ya'yansa suna jin Hausa sama-sama, su amsa da Larabci. In Baba ya yi magana da karkataccen bakinsa, ni kowa ke kallo.

Lokacin hutuna ne. Har na sayi dabinon Khaibar na tsaraba, na gaya wa matata ta fara sa ido a hanya. Sai babban ɗan Baba, wanda shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar, ya kira ni ya ce in ɗage. Wai Baba ya ga hoton wani gurbin ruwa tsakanin duwatsu a wayar jikarsa, ya kafe sai ya je ya tsoma ƙafarsa, ruwan gishiri zai sake masa jijiya. Likita bai ce haka ba, bai kuma hana ba. Wanda iƙamarsa, wato takardar zamansa, ke hannun wani ba ya dogon musu. Na ce to.

Bayan jirgin sama muka shiga ƙaramin jirgin ruwa, inda na yi amai har na ji kunya, ga Baba yana zungurina da sandarsa in gyara masa hula. Amma da muka isa bakin tekun, gaskiya na tsaya. Duwatsu ne manya-manya masu santsi, wani kan wani, irin na garinmu sak, sai dai waɗannan ƙafafunsu na cikin ruwa, ruwan kuma garau har kana ganin yashin ƙasa. Ban gama kallo ba katakon da aka shimfiɗa a hanya ya ƙare, tayoyin keken da nake tura Baba a ciki suka nutse a yashi. Na tura, ya ƙi. Na juya shi ina ja da baya kamar mai jan tunkiya zuwa kasuwa, zufa na zuba, sauran iyali kuwa sun yi gaba suna ɗaukar hoto.

Gurbin da Baba ke nema yana bayan duwatsun, sai an bi ta wani matsattsen lungu. Mai gadin wurin ya tare mu. Da hannu da 'yan kalmomi ya fahimtar da kafilina cewa teku ta cika, lungun ya shafe, sai da safe in ruwa ya ja baya. Haka na sake jan keken zuwa masauki.

Washegari tun bayan sallar asuba Baba ya sa na ɗaura masa zane, na shafa masa mai a ƙafa, muka zauna jira. Kafilina ya ce kada mu motsa sai da shi. Shi kuma yana jiran matarsa, ita tana jiran yara su karya, yaran suna neman takalman roba. Kowa ka taɓa sai ya ce daƙiƙa ɗaya. Da muka isa, ruwa ya riga ya dawo. Baba ya tsallake ɗansa, ni ya juyo wa. Ya ce ni ne mai nawa, tun da na zo gidansa ban taɓa yin abu a kan lokaci ba. Jikokin suka tambaye ni me ya ce. Na ce cewa ya yi rana ta yi zafi.

Daga nan sai ruwan sama ya sauko, ya wuni, ya kwana, ya sake wuni. Muna ɗaki ni da Baba, tagar na kallon bayan ɗakin girki. Matata ta aiko saƙo tana tambaya ko ina jin daɗin yawon duniya, na kife wayar. Kafilina ya shigo ya ce kalas, magana ta ƙare, a kai Baba wurin ninƙaya na masauki, ai ruwa ruwa ne. Baba ya juya fuska bango, ya ƙi cin abinci. Na kai cokali bakinsa ya ture, miya ta zube a rigata.

A nan haƙurina ya ƙare. Na bi kafilina waje, na haɗa Larabcina da Hausa na ce masa:

"Yallaɓai, na bar iyalina saboda gurbin nan. Gobe in gari ya waye zan kai shi, ko a bayana ne. In za ka zo, ka zo kai kaɗai."

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai ya ce tayyib, wato ya yarda.

Da safe sama ta washe. Muka bar keken a inda yashi ya fara tauri, na durƙusa, kafilina ya ɗora mini Baba. Tsoho ne mai ƙashi, kuma ɓarin da ya mutu ya fi nauyi, sai zamewa yake. Lungun bai fi faɗin kafaɗuna ba, ƙasansa gansakuka, ruwa iya idon sawu. Na goge gwiwa a dutse har ta yi jini. Na waiwaya na ga kafilina ya ɗaga waya yana ɗaukar mu. Na ce masa ya ajiye abin nan ya riƙe ƙafar mahaifinsa. Ya ajiye.

Muka ɓulla. Wurin shiru, duwatsu sun yi masa rumfa, haske na saukowa ta wata kafa a sama, ruwan kore-kore kwance kamar a kwano. Ana jin teku na bugun duwatsu daga waje amma ba ta shigowa. Muka zaunar da Baba a kan wani faffaɗan dutse, na sauke masa ƙafafu a ruwa. Ƙananan kifaye suka taru suna taɓa yatsunsa. Na ce a raina bari ya natsu, ni ma in tuɓe riga in shiga ko sau ɗaya, tunda ban taɓa wanka a teku ba.

Ko maɓallin farko ban ɓalle ba ya ce:

"Ruwan ɗumi ne. Ni na ɗauka da sanyi. Mai da ni."

Na ce, "Baba, ɗan ƙara kaɗan mana, yanzu fa muka zo."

"Na ce ka mai da ni."

Kafilina ya tambaye ni me ya ce. Wannan karon na fassara masa daidai, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na sake durƙusawa. Da muka fito, igiyar ruwa ta riga ta kai ga keken, tana lasar tayoyinsa.

Da muka sauka a filin jirgin Madina keken ya fara ƙara, kafin sati ya cika tsatsa ta kama shi, taya ɗaya ta ƙi juyawa. Na kai shi unguwar Sultana wurin wani mutumin Chadi mai gyaran kekuna. Yana kwance tayar yana kakkaɓe yashi, ya ce lalle wasu sun more, ya teku? Na ce tana nan lafiya.

Baba kuwa ƙafarsa ba ta canza ba. Amma duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin gurbin, yadda ya shiga ruwa har wuya kifaye na kewaye shi. Baƙin ba sa jin Hausa, saboda haka ni nake tsayawa da butar gahawa a hannu ina mayar musu da Larabci.