Gumbar da Na Bari a Masauki

Mu mutanen Sakkwato ba mu san hawa ba. Ƙasarmu shimfiɗe take. Daga Mabera inda nake zaune har kara, kasuwar da muke cinikin shanu, babu inda mutum zai ɗaga ƙafa ya yi nishi. Kafin wannan tafiya, abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne bayan tirelar shanu.

Yayana ne ya daɗe yana zuwa Mambila sayen shanu. Akwai wani Bafulatani mai ruga a ƙololuwar wani dutse, wanda ba ya sayar wa kowa sai wanda ya tako da ƙafarsa ya same shi a gida, ya sha nonon shanunsa. Da gwiwoyin Yaya suka fara ciwo, sai ya ce zai kai ni ya haɗa mu, in gaji hanyar. In na kasa hawa kuwa, hanyar ta fita daga gidanmu ke nan, don ba shi da wani da zai miƙa wa.

Ana gobe za mu tafi, uwar 'ya'yana ta daka gumba, ta sa mata citta da kanumfari da sukari, ta dunƙule ta a leda. Ta haɗa mini da dabino da gorar ruwa. Na ɗaga ledar na ji nauyinta.

"Mi zan yi da wagga gumba, sai ka ce mai zuwa noma?" na ce mata.

"Malam, riƙe dai. Ba ta cizo."

Mu 'yan kara muna da yadda muke cin abinci. Da safe mutum ya cika cikinsa da nama mai kitse, shi ke nan sai yamma. Ruwa kuwa ba mai tuna maka. Ranar Sakkwato ita ke yin wannan aiki, kafin hantsi ka nemi randa da kanka. Da haka na girma, ban taɓa zaton akwai inda wannan tsari zai ba da ni ba.

A garin da ke gindin dutsen muka sauka. Sanyi ya sa har haƙorana na kaɗawa. Da safe na zauna wurin wani mai balangu na ci har na ji wandona ya matse. Da na koma masauki na dubi gumba da gora na ce wa kaina, wa zai sha ruwa cikin wannan sanyi? Na tura su ƙarƙashin gado, na cusa kilishi a aljihu. 'Yan kabu-kabu suka kai mu inda hanya ta ƙare, muka kama hawa.

Da farko ni ne a gaba. Yaya yana baya da sandarsa da 'yar jakarsa, yana tafe kamar mai tsoron taka ƙwai. Ya ɗan hau kaɗan sai ya tsaya, ya jefa dabino a baki, ya kurɓi ruwa.

"Yaya, ko in goya ka?" na ƙwala masa.

"Tahi dai, ɗan dambe. Ina tahe."

Ƙishi bai zo mini ba ko sau ɗaya. Zufa na fita, iska na busar da ita nan take, ni kuwa ina ta gutsirar kilishi, yaji da gishiri suna shanye sauran yawun bakina. Kafin azahar kaina ya fara sarawa. Naman safe ya tsaya mini a ƙirji kamar na haɗiyi tubali. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Na nemi wani falalen dutse na zube. Da na duba ƙasa sai na ga gajimare a ƙarƙashina, abin da ban taɓa gani ba, amma ko sha'awa bai ba ni ba.

Can sai ga Yaya ya iso, ko haki ba ya yi sosai. Ya dubi leɓɓana da suka bushe.

"Ina gorarka?"

Na nuna masa gindin dutsen da hannu.

"Ina gumbarka?"

"Tana masauki."

Bai yi faɗa ba. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Ka ji ni da kyau. In kan nan bai sake ka ba, sauka za mu yi. Shanu ba su kai ranka ba."

Na san abin da sauka take nufi. Yaya ba zai iya sake hawan nan ba.

Ya buɗe jakarsa ya fito da kofin roba, ya gutsuro wani abu ya dama da ruwa, tsararo, ya miƙo mini. Ya ce kurɓa kaɗan-kaɗan, kada in kwankwaɗa. Kurɓar farko na ji kanumfari ya fi citta yawa. Mace ɗaya na sani mai yin gumba haka.

"Yaya, ai na bar ta ƙarƙashin gado."

"Waccan taka ce. Wagga ita ta ba ni da hannunta. Ta ce ta san mijinta."

Dariya ta kama ni, kan na ciwo ina yi. Muka zauna nan muka daɗe. In kurɓa, in huta, in tsotsi dabino. Muka yi sallar azahar a kan falalen. A hankali ƙirjina ya saki, ciwon kan ya ja baya. Yaya ya sa na miƙe na taka gabansa ya ga ba na tangaɗi, sannan ya karɓe sauran kilishin ya jefa a jakarsa. Daga nan ni na koma baya. Inda ya tsaya nan nake tsayawa, abin da ya sa a baki shi nake sawa, ko ina jin ƙishi ko ba na ji.

Rana ta yi sanyi muka isa rugar. Mai rugar, wani dogon dattijo, ya sa aka kawo mana madara mai ɗumi a ƙwarya. Na sha nama iri-iri a rayuwata, amma ban tuna abin da ya kai wannan madara daɗi ba. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce masa, "Ga ƙanena. Shi zai riƙa zo maka."

Dattijon ya tambaye ni yadda na ga hawan. Na gaya masa gumbar matata ce ta kawo ni. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya miƙo mini hannu, ya ce da safe a je in ga shanu.

Na sha hawan dutsen nan bayan haka, kuma ban sake barin guzuri a masauki ba. Yaya yanzu yana gida, in na dawo sai ya sa in ba shi labarin kowane kwana na hanyar. Uwar 'ya'yana kuwa har yau leda biyu take ɗaurawa. Ɗaya ta ba ni, ɗaya ta aika wa direban da ke kai ni. Na ce mata na daina tuntuni. Ta ce ta sani, ta ci gaba da dakanta.