Malam Ashafa Manu, Mai Bin Sawun Ruwa a Ƙarƙashin Ƙasa (1933–1985)

Haihuwa da asali

An haifi Malam Ashafa a garin Sukuntuni ta ƙasar Kankiya a shekarar 1933, wadda ta yi daidai da 1352 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Malam Manu ɗan Ummaru, malamin allo kuma manomi, wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana tafsiri a zaurensa duk watan azumi. Mahaifiyarsa Hadijatu 'yar Kusada ce. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma 'yan uwansa sun shaide shi da yawan tambaya tun yana ƙarami.

Neman ilimi

Ya fara karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya kuma sauke yana da shekara goma sha biyu. A shekarar 1942 aka sa shi elamantare ta Kankiya, daga nan ya wuce midil ta Katsina a 1946, inda ya yi fice a lissafi da labarin ƙasa. Duk hutu kuwa yakan koma zauren mahaifinsa ya ɗora littattafan fiƙihu daga inda ya tsaya.

Kama aiki da aure

A shekarar 1951 ya kama aiki a sashen haƙa rijiyoyi na En'e, a matsayin malamin da ke rubuta zurfin kowace rijiya da irin ƙasar da aka ratsa. Bai yarda ya tsaya daga baki yana rubutu ba, shi da kansa yake ɗaura igiya ya sauka, abin da ya jawo masa ƙaunar mahaƙa. A 1956 ya auri Murja 'yar Malam Labaran na Kusada, wadda ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Duwatsun ƙasar Sakkwato

A shekarar 1959 aka tura shi aiki Lardin Sakkwato. A can ne, cikin wata rijiya mai zurfin gaba goma sha ɗaya, ya iske wani farin dutse cike da ɓawon katantanwa da kumba da haƙoran kifi, dukkansu sun daskare sun zama dutse, alhali babu wani babban ruwa kusa da wurin. Nan take ya sakankance cewa alamar Ruwan Ɗufana ce na zamanin Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da ya zo hutun azumi a 1960, ya ɗauko duwatsun cikin buhu ya baje su a zauren tafsiri, ya bayyana wa jama'a abin da ya fahimta. Labari ya bazu har Kusada da Fakuwa, mutane suka riƙa yin tattaki don su gani, wasu har suna shafawa.

A shekarar 1963 aka aika shi kwas na wata tara a Kaduna kan sanin duwatsu. Malaminsu, wani Musulmi mutumin Pakistan, ya duba ɗaya daga cikin duwatsun, ya bayyana masa cewa halittun teku ne, kuma tekun ta kwanta a kan wannan ƙasa shekaru fiye da miliyan hamsin da suka shuɗe, tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa. Ya nuna masa yadda laka ta riƙa kwanciya sannu a hankali, hawa bisa hawa, wanda ba aikin ambaliyar lokaci guda ba ne. Malam Ashafa ya yi ta musu har mako uku kafin hujja ta rinjaye shi.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne komawa gida, domin a zauren mahaifinsa ya yi maganar farko, kuma da mutuncin gidansu mutane suka karɓe ta. Murja ta ruwaito cewa sai a rana ta uku da komawarsa Sukuntuni, bayan la'asar, ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Allah gafarta Malam, na faɗi abin da ban sani ba a zaurenka, na zo in warware." Malam Manu ya saurare shi har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ashafa, yaushe Alƙur'ani ya nemi shaidar dutse? Kai ka nema mishi. Tashi ka gaya ma mutane, ni zan zauna kusa da kai." Washegari ya yi bayani gaban jama'a, mahaifinsa na gefensa. Wasu sun yi masa dariya, wani dattijo ma ya daina amsa gaisuwarsa har shekara guda, amma bai taɓa nadamar wannan rana ba. Malam Manu ya rasu a 1966.

Farin 1973 da rijiyar Fakuwa

A shekarar 1970 aka dawo da shi Kankiya a matsayin mai kula da aikin rijiyoyi. Lokacin babban farin 1973, rijiyoyin wata unguwa a ƙasar Fakuwa suka ƙafe ƙaf, aka haƙa sababbi biyu duk suka tarar da dutse, har magidanta suka fara ɗaure kaya don yin ƙaura. A wannan hali ne wata tsohuwa makauniya, Iya Mairama, ta aika aka kira shi. Ta ba shi labarin da ta ji daga kakarta, cewa a da can akwai wani gari a kwarin da ke gabas da unguwar, ruwa ya zo da hantsi ya cinye shi duka, ba wanda ya tsira sai wata mata da ɗanta da akuya, waɗanda suka hau dutse. Matasan wurin suka ce tatsuniya ce. Ita kuwa ta ce, "Ɗan nan, ni ban gani ba, amma kakata ba ta ƙarya. Ruwan da ya ci gari ai ya san hanyarshi."

Malam Ashafa ya kwana uku yana zagaya kwarin, ya lura da tsakuwa masu santsi irin na gulbi a bakin ramukan gara, da layin itatuwan da ba su zubar da ganye ba. Ya yanke shawarar haƙawa a nan, ko da yake ba wurin ne ofis ya amince da shi ba, kuma shugabansa ya gargaɗe shi a rubuce cewa rijiya ta uku in ta faɗi, da aikinsa za ta tafi. Dabo, shugaban mahaƙa, ya ce shi da mutanensa suna bayansa. A gaba uku suka ratsa yashin gulbi, ƙarƙashinsa suka iske tsingaro da toka da dutsen niƙa. A gaba bakwai, ranar goma sha tara ga haƙa, ruwa ya ɓuɓɓugo. Ba wanda ya yi ƙaura. Da aka ɗora hannun Iya Mairama a kan dutsen niƙan, ta daɗe tana shafa shi, sa'an nan ta nemi a yi wa masu shi addu'a.

Shekarun ƙarshe

Daga wannan lokaci ya duƙufa wajen tattara labaran ambaliya daga bakin tsofaffin Kankiya da Kusada, yana rubuta su da ajami, yana kuma zuwa ya duba wurin da aka ambata. Wasu ya sami alamarsu a ƙasa, da yawa bai samu ba, kuma duka ya rubuta yadda ya gani. Ra'ayinsa shi ne, mutane ko'ina a duniya bakin ruwa suke zama, kuma wanda ruwa ya cinye garinsu, a wurinsa duniya ce ta nutse, don haka ne al'ummu da yawa suke da irin wannan labari. Amma in aka tambaye shi game da Ɗufana, sai ya ce wannan labarin Allah ne ya bayar, shi kuma ya taɓa shiga tsakani sau ɗaya, ya ishe shi. Ya sauke farali a 1977, ya yi ritaya a 1981, ya koma Sukuntuni yana noma da koyarwa a zauren mahaifinsa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 15 ga Agusta, 1985, a ƙarshen watan Zulƙida 1405, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara hamsin da biyu. An yi jana'izarsa bayan azahar a Sukuntuni. Tsofaffin mahaƙansa suka hana kowa taɓa diga, suka ce su za su haƙa kabarin. Da suka kai ƙasa, Dabo ya damƙo ƙasar ƙarshe ya miƙo sama, kamar yadda ya saba miƙa wa Malam ya duba a kowace rijiya, hannun ya daɗe a miƙe kafin ya tuna babu mai dubawa, ya mayar da ita a hankali.

Ya bar matarsa Hajiya Murja da 'ya'ya biyar: Salisu, Rahamatu, Ma'aruf, Hannatu da Labaran, da jikoki tara. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, amin.