Filashin Ranar Lahadi

Shekarar da wayar salula ta iso Zuru ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, ina zaune a Rikoto tare da mahaifiyata, wadda ta baro gonarmu ta Manga bayan rasuwar Baba. Ƙanena soja ne. A wajenmu wannan ba labari ba ne, gidan da babu soja shi ake tambaya ko lafiya. An tura shi can kudu, cikin ruwayen da ake haƙo mai, inda ya ce mutum kan daɗe bai taka busasshiyar ƙasa ba. Wasiƙa daga can takan zo ranar da ta ga dama, wani lokaci ma mai ita ya riga ta isowa. Saboda shi na sayi waya.

Ta hannu na saya, mai nauyi kamar dutsen guga, da layin kamfanin da ya fara kafa ƙarfensa a garin. A aji ina koya wa yara cewa minti daƙiƙa sittin ne, amma kamfanin nan bai taɓa zama a ajina ba. A wurinsa in ka ce sannu ka kashe, minti ne. In ka zarce da numfashi ɗaya, biyu ne. Katin da ka sa kuma yana da wa'adi kamar maganin asibiti. Ko ka kira ko ba ka kira ba, kwanakinsa na cika sai a rufe maka baki, in ka ƙara jinkiri a toshe maka kunne, daga nan a ba wani lambar. Albashinmu kuwa ba shi da wa'adi, yakan zo ne lokacin da aka tuna da mu. Na taɓa ce wa abokan aiki golmo muke yi wa kamfanin nan, irin noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, sai dai namu babu amarya a ƙarshensa.

Da ƙanena ya zo hutu muka zauna muka tsara abin da aljihu ya riga ya tsara mana. Shi ba shi da waya. Amma ranar Lahadi yakan samu fita zuwa gari, inda 'yan mata ke zama ƙarƙashin lema da waya a kan tebur, a biya a yi kira. Zai buga lambata, ta yi ƙara ya kashe, ya sake bugawa ya kashe. Filashin ke nan, biyu a jere, ma'anarsa ina raye, ina lafiya, a gai da Mama. Sharaɗin shi ne kada in ɗauka, don mai lema za ta caje shi cikakken minti, kada kuma in bi kiran, don kafin ya shiga ya riga ya haye motar bariki.

"Yaya, in ka kuskura ka ɗauka," in ji shi, "na san halinka, sai ka fara da gaisuwa, ka bi da nasiha. Albashina na wata zai tafi kafin ka iso kan magana."

Haka Lahadinmu ta koma. Mu dawo daga sujada, in rataye wayar a ƙusar da na kafa jikin mangwaron tsakar gida, don nan ne kaɗai sabis ke yarda ya sauka. Mama ta shimfiɗa tabarma a ƙasa da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Sai jira. Ƙanena bai taɓa sanin lokaci ba tun yana yaro. Wata rana wayar ta yi ƙara ba mu ko tuɓe kayan coci ba, wata rana sai kaji sun fara neman makwanci. Lambar ma kowane mako daban, gwargwadon lemar da ya tarar babu layi. Mama takan ce ai shi ne ɗan da ya zarce watan haihuwarsa, kuma bai ga dalilin sauya hali ba.

In ta yi ƙara sai ta ɗaga kai.

"Biyu ne?"

"Biyu ne, Mama."

"To, mun gode Allah."

Sai ta tashi ta ɗora tukunya. Kafin nan ko wuta ba ta hurawa.

Ana haka wasu kamfanonin suka shigo, kowanne da allonsa a bakin titi da hoton mutane suna dariya, abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba bayan ya duba abin da ya rage a wayarsa. Akwai wani mai sayar da kati a bakin kasuwa, Basakkwace, mai bakin da ba ya hutawa. Shi ya sa ni gaba.

"Malam, kai da ke koya ma ɗiyan mutane lissahi, kai za a cuta haka? Wanga layi naka ai na alhazzai na. Yada shi ka ɗau sabo. Ko tari ka yi, kuɗin tarin ɗai za a cire."

"In ban yi tarin ba fa?"

"Awo, to sai ka yi ta ajiyar kuɗinka har ka auri ta biyu."

"Addinina bai yarda ba."

"To ka sai babur, shi ma kashe kuɗi ya iya."

Ban yi gaggawa ba. Na bi tsare-tsaren nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba takardun jarrabawa, kuma kowanne na same shi da satar amsa. Wani yana da arha, amma a lokacin da mutanen kirki ke barci. Wani yana yankar harajinsa kowace safiya ko ka taɓa waya ko ba ka taɓa ba. Wani kuma sauƙinsa tsakanin 'yan gidansa ne kaɗai, in ka tsallaka zuwa wani layi sai ya rama duk alherin da ya yi maka. Wannan na ƙarshen na ɗauka, don yawancin malaman makarantarmu can suka koma.

Saura sanar da ƙanena sabuwar lamba. Na ba wani soja ɗan Sakaba da zai koma bakin aiki, ya kai masa. Bayan wani lokaci amsa ta dawo ta bakin wani sojan: wai ƙanena ya ce kansa lamba biyu kawai yake ɗauka, ta aikinsa da ta gidanmu, babu gurbin ta uku. Da na gaya wa Mama, ta ce daidai ne, ba a sauya wa matafiyi ƙofar gida.

Sai na zama mai layi biyu da waya ɗaya, wato na fita neman sauƙi na dawo da ƙarin baki. Tsohon sim yakan kwana cikin kwalin ashana duk mako, Lahadi da safe in ɓalle bayan waya in mayar da shi. Ina ciyar da shi mafi ƙanƙantar kati, daf da cikar wa'adi, don kawai kada ya mutu. Jaridar da nake saye ranar Asabar ita ta fara tafiya, daga baya naman miya ya bi ta. Ban yi wa kowa ƙorafi ba. Ina ganin na samu tsarin da ya fi kowanne arha a ƙasar nan, labarin rai da lafiya kowane mako ba tare da an furta kalma ba.

Cikin wata damina sai filashin ya fara zuwa a kan lokaci. Ladanin masallacin unguwa na fara kiran la'asar, waya na ƙara. Mako ya zagayo, haka. Wani ya sake zagayowa, haka. Lambar ma ta tsaya guda. Ni abin daɗi ya yi mini. Na ce a raina ya samu lemar da ta karɓe shi, kuma gidan soja ya yi abin da ya gagari makaranta.

Wata Lahadi ta yi ƙara, na duba.

"Biyu ne, Mama."

"Na ji."

Ba ta tashi ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, tana zuba ɓawon cikin ƙwaryar 'ya'yan ba ta lura ba.

"Wannan abin naka, yana nuna hannun wanda ya taɓa shi?"

"Lamba yake nunawa."

"Ban tambaye ka lamba ba."

"Mama, soja ne fa. An koya masa kiyaye lokaci."

"Ni na kasa, ubansa ya kasa, fasto ya kasa. Kira shi."

Na yi mata bayani. Na ce lambar da ta yi filashin ta kamfanin tsohon layina ce, sabon layina in ya tsallaka can yanka yake yi, ga shi ma babu komai a cikinsa, wata ya yi nisa. Tsohon kuwa ɗan abin da ke ciki na riƙon rai ne. Na ƙara da cewa akwai yarjejeniya tsakanina da shi. Bayani ne mai tsari, da sufeton makarantu na wurin da ya yaba. Ta saurara har na kai aya.

"Ka gama? Kira shi."

Na tsaya jikin mangwaron na buga. Ban ji muryar mai lema ba. Namiji ne ya ɗauka, da Hausar bariki.

"Ah, Oga Tica! Ina wuni? Yaya gida, yaya Mama, yaya ruwa?"

Ranar na fara sanin mutum na iya ƙin gaisuwa.

"Wane ne kai? Ina ƙanena?"

"Ni abokinsa ne, tare muke."

Ya yi shiru, shirun da ni ke biya. A bayansa ina jin ƙarar ƙarfe ana turawa a kan siminti, da wata mace tana ba da umarni da Turanci, da wani can nesa yana nishi.

"Yana nan kusa," ya ce. "Shi ya ce in riƙa yi. Ya ce kada in faɗa."

"Ba shi."

Aka yi ta motsi da wayar. Sannan muryar ƙanena ta zo, siririya, amma tasa ce.

"Yaya, ka karya doka."

"Ina kake?"

"Asibitin bariki. Ƙaramin abu ne. Kwalekwalenmu ne ya..."

Mama ta fizge wayar. Ba ta taɓa riƙe ta ba sai ranar. Ta kama ta da hannu biyu kamar za ta tsere, ta ɗaga murya da yarenmu yadda ake kiran mutum daga wancan ƙarshen gona. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Cewa ta yi, "Tashi tsaye in ji." Na jiyo ya yi 'yar dariya, ya fara wata magana, sai muryar matar kamfani ta shigo da Turancinta mai ladabi. Mama ta ci gaba da magana har ta gane ba ɗanta ke amsawa ba.

"Wace ce wannan?"

"Kamfani ne, Mama. Kuɗin ya ƙare."

Sai a lokacin na gane abin da ya gyara masa lokaci. La'asar ita ce lokacin ziyara a asibiti.

Muka zauna ƙarƙashin bishiyar ko za su kira, ba su kira ba. Aljihun soja da na malami ba su da bambanci sai launin wando. Washegari na kai buhun dawar da muka ajiye kasuwa, na sayi kati mafi girma da na taɓa riƙewa. Basakkwacen ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskata, ya miƙo mini katin kawai. Na buga lambar, a kashe. Na buga da rana, na buga da yamma, na buga tsakanin darasi da darasi. Ashe abokin ya koma cikin ruwa da wayarsa, ba zai fito ba sai Lahadi.

Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba. Mama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce da ni komai a kan makonnin da suka wuce ba. Abu ɗaya ta faɗa, tana tankaɗe, ba tare da ta dube ni ba: "A kwance yake. Muryar mai tsaye daban ce." Mun san yana da rai. Ba mu san me ya rage a jikinsa ba. A aji na rubuta lissafi a allo na tsaya ina kallonsa har yara suka fara tari don su tuna mini suna nan.

Lahadi ta zo. Ladan ya fara kira, waya ta yi ƙara ta yanke. Ban jira ta biyun ba, na bi kiran. Wannan karon abokin bai gaishe ni ba, miƙa masa ya yi kai tsaye.

"Akwai kati," na ce. "Faɗi duka."

Sai ya juya zuwa Turanci, ni ma na bi shi. Tun muna yara Mama ta san in 'ya'yanta suka koma Turanci a gabanta, akwai abin da ake ɓoyewa. Ta ajiye ƙwarya ta miƙe. Ya ce ƙafar hagu ce, daga ƙasan gwiwa. Likitoci sun yi ƙoƙari, ba ta tsaya ba, an yanke ta. Ya ce in san yadda zan gaya mata a hankali, in ma zai yiwu in bari sai ya dawo.

Tana tsaye a gabana da hannu a miƙe. Na ba ta.

"Faɗa mini da bakin da na koya maka," ta ce.

Ya faɗa mata. Sannan ta tambaye shi ko ana ba shi abinci mai zafi, da wanda ke wanke masa kaya. Ta ce ya gode wa abokin nan nasa, amma ya gaya masa kada ya sake buga wa tsohuwa ƙarya. A ƙarshe ta ce, "Ka kawo mini abin da ya rage. Ina nan."

Ta miƙo mini wayar ba ta san ana kashewa ba, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Na kara a kunne. Yana nan, ina jin numfashinsa, shi ma yana jin nawa. Ba mu ce komai ba, kuma babu wanda ya kashe.