Akwatin da Malam Lawan Ya Kai Gida

Malam Lawan na Gyaɗi-Gyaɗi ya yi shekara ashirin da biyu yana yankan kati a wani asibitin kuɗi a Tarauni. Teburinmu ɗaya, shi ya sa na san shi. Mutum ne mai alkunya har ta yi yawa. Ko sunan matarsa bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce "mai ɗakina".

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka kawo mana tarminal: allo ne da madannai kawai, sai waya da ta bi bango ta haura bene. Injiniya Haruna ya ce mana, "Wannan akwatin ba shi da ƙwaƙwalwa. Duk abin da kuka rubuta yana sama, cikin babbar kwamfutar da muke kira uwar garke." Malam Lawan ya gyaɗa kai, amma ta bayan kunnensa maganar ta bi.

Da damina aka kwantar da matar tasa, Binta. Shi ya buɗe mata kati da hannunsa. Kwana huɗu ta yi ta rasu. Bayan sadakar bakwai ya dawo aiki. Kullum da safe, kafin ya kira na farko a layi, sai ya danna lambar katinta, sunan ya fito da koren rubutu, ya dube shi, sannan ya ce, "Na gaba." Shekara huɗu yana haka. Ko hotonta ba shi da shi.

Da aka sayo sababbin kwamfutoci, kowace da ƙwaƙwalwarta, sai ya roƙi manaja a bar masa tsohon akwatinsa. Na san abin da yake nufi, na kuma yi shiru, har yau haushin kaina nake ji. Ni na taya shi ɗorawa a kan acaɓa, na bi shi har gida.

A zaure ya jona shi. Wani ɗigo kore ya fito yana ƙiftawa a kusurwa. Ya danna lambar, shiru. Uwar garken kuwa tun ranar Litinin aka shafe ta, aka kai gwanjo.

"Ko wutar ce ba ƙarfi?" ya tambaye ni.

Na ce, "Malam, ai ba ta ciki."

Ya miƙa yatsa ya danna sunanta harafi-harafi. Ko ɗaya bai fito ba. Ya daɗe yana kallon ɗigon, sannan ya ce, "Binta," kamar mai kiran layi. Ran nan na fara jin sunan a bakinsa.