Hannun Mati Wanzami

Mati wanzami ne, ɗan wanzami, a wani ƙauye da ke kan hanyar Dandume. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Wata shekara makero ya ɓarke a kawunan yaran ƙauyen. Duk kan da ka duba sai ka ga farin tabo, gashi ya zube. Mutane suka ce askar Mati ce ke yawo da cutar daga wannan kai zuwa wancan, kuma wataƙila da gaskiyarsu. Iyaye suka koma ɗora 'ya'yansu a babur zuwa Funtua wajen masu askin inji. Tabarmar Mati ta zama makwancin awaki.

Bai yi musu da kowa ba. Da aka gama girbi, Buzaye suka sauko da raƙumansu cin karan dawa a gonaki, yadda suka saba. Wani tsoho a cikinsu ya gaya masa cewa su da fitsarin taguwa, wato macen raƙumi, suke wanke irin wannan cuta. Tun daga ranar Mati ya zama mai bin bayan raƙuma da ƙoƙo. Ita kuwa taguwa ba ta fitsari don an roƙe ta. Sai ka wuni kana jira, in ta tashi yi kuma rabi a rigarka. Na ce masa dattijo da furfura bai dace da wannan ba. Ya ce, "Malam Sanda, ni aka ɗora wa laifin, ni zan sauke shi."

Ya riƙa bi gida-gida yana shafa wa yara. Kafin damina kawuna sun yi sumul. Ko fitsarin ne, ko man shafawar da Chinonso mai kemis ke sayarwa, oho, don yawancin iyayen duka biyun suka haɗa. Shi dai Mati ya kafe a kan taguwa ce. Duk kaka sai ya cika jarkoki ya jera a zaure, masu kyasbi da masu cin ruwa a yatsun ƙafa suna zuwa har daga Malumfashi.

Sai dai zarni. Ya kama zauren, ya kama zabirar da yake ajiye askake, ya kama hannunsa, sabulu da turare duk sun gaza. Ana karɓar magani da godiya, amma wajen aski ba wanda ya dawo. Mati ya ce ba komai, ai askin sunan jikokinsa dai ba mai ƙwace masa.

Bara Rukayya, matar ɗansa Abdussamad, ta haifi namiji, jikansa na fari. Mati ya wasa aska, ya shanya zabira a rana, ya dirje hannuwansa da lemun tsami har suka yi ja. Safiyar suna ya shiga gidan, ya tarar wani wanzami daga Dandume ya riga ya aske rabin kan jaririn.

Abdussamad ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, maijego ce. Warin yana tayar mata da zuciya."

Mati ya ce, "Allah ya raya shi." Ya fito ya zauna kusa da ni a tabarmar baƙi. Abin ya yi mini ciwo.

Sunan Mati aka sa wa yaron. Can aka fito da shi, kai fes, aka ce ga takwara. Mati ya miƙa hannu zai karɓa, sai ya tsaya ya dubi hannun, ya mayar da shi cikin riga. Ya ce, "Malam Sanda, karɓar mini shi in gani."