Hanyar da mahaifiyata ta nuna musu

Shekarun baya can, lokacin da na gama lakwal, wato makarantar boko, ina zaman jiran aiki a ƙauyenmu na gefen Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Kanan-Bakashe, wani proje, wato shirin raya karkara, ya sauka garinmu. Sun zo da motoci kat-kat biyu da taswira, suka ce za su killace wani yanki na dajin goriba, su fitar da hanyar ƙafa a ciki saboda baƙi masu yawon buɗe ido. Mu dai a wurinmu mutum ba ya tafiya sai da dalili, ko gona ko kasuwa ko gaisuwar rasuwa. Amma aka ce mana akwai masu hawo mota tun daga Yamai don kawai su sauka su yi tafiyar ƙasa su gaji. Aka nemi mai jin Faransanci, aka same ni. Suka ba ni hula da riga mai aljihu shida, ranar nan ko tuwo ban ci da kirki ba don murna.

Matsalar ɗaya ce, ban san dajin ba. Tuddan rairayi ne bi da bi, ka hau wannan ka gangara ka tarar da ɗan'uwansa, goriba iri ɗaya, sabara iri ɗaya. Kwana biyu muna bin taswira ni da shugaban projen, sau uku muna dawowa gindin gawo ɗaya. A na ukun ma ni na miƙa hannu da ƙarfin gwiwa na ce ga gabas, ashe yamma nake nunawa.

Wadda ta san dajin tana cikin gidanmu. Mahaifiyata tun kafin ta haife ni take shiga yankan kaba, wato ganyen ƙananan goriba da ake saƙa tabarma da igiya. Da tabarmar nan aka yi karatuna kaf. Matan garinmu suna da dabararsu ta gane hanya: duk inda hanya ta rabu sai su ƙulle bakin ganyen kaba yana jikin uwarsa. Ƙulli ɗaya hanyar tsohuwar rijiya, ƙulli biyu hanyar gida. Wadda ta wuce ta ga ya kwance sai ta sabunta shi.

Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba. Da na roƙe ta ta taimake mu, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Washegari da sassafe na ga ta ɗauki laujenta ta yi gaba, muka bi ta. Kwana uku tana yawo da mu. Ta nuna mana inda rairayi ke da tauri ƙafa ba ta nutsewa, da inda za a samu inuwa idan rana ta take, da kwarin da kububuwa ke kwanciya a kauce masa. Shugaba yana biye yana danna wata ƴar na'ura, yana kiran ta mama, har hoto suka ɗauka tare. Ina ta washe baki kamar ni na san hanyar.

Daga nan aka kawo duwatsu a babbar mota daga nesa, don ƙasarmu ba ta da dutse. Ni na shafa musu farin fenti, ni na jera su gefen hanya. Shugaba ya sa aka kwance ƙulle-ƙullen matan duka, wai ana wahalar da itace. Aka ja wayar shinge, aka kafa allo a bakin shiga. Ni na rubuta allon da hannuna, da Faransanci, cewa an hana yanka ko taɓa kowane tsiro. Wallahi ina rubutawa hankalina yana kan kada harafi ya karkace, ban tsaya na tambayi kaina su wa ake nufi ba.

Ranar buɗewa muka ɗauko baƙi wajen goma, da takalman tafiya da gorunan ruwa, ga ma'aikacin gandun daji cikin kakinsa yana rufa mana baya. Muna gangarowa daga tudu na biyu sai ga mata uku sun nufo mu, kowace da dammin kaba a ka. Ta gaba mahaifiyata ce.

Fuskar shugaba ta canza nan take. Mutumin nan yana jin Hausa sarai, da ita yake cinikin kaji a kasuwar Mayahi har ya fi mu iya tayi. Amma gaban baƙi sai ya juye Faransanci, ya ɗaga murya, ya ce irin waɗannan ne ke kashe dajin. Ya dube ni ya ce in gaya musu su sauke kayan, su miƙa laujensu, kuma kada a ƙara ganin ƙafarsu a nan. Baƙi suna kallo. Ni kuma ina tsaye cikin rigata mai aljihu shida, na buɗe baki na ce:

"Inna, an ce ku aje kabar. An ce daga yau ba a shiga nan."

Ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun da na yi wayo. Ta sauke dammin a hankali, ta miƙa wa ma'aikacin laujenta, sauran matan ma suka yi haka. Sai ta sauka daga kan hanyar ta ratsa cikin ƙarangiya ta nufi gida. Wata baƙuwa ta ɗaga waya ta ɗauke su hoto suna tafiya.

Har yanzu idan na tuna raina tafasa yake. Matar da ta kwashe kwana uku cikin rana tana nuna maka inda za ka sa ƙafa, ita ce za ka tozarta a kan hanyar da ta ba ka? Dajin da kake cewa suna kashewa, su wa suka raya shi ka zo ka tarar? Mai yankan kaba ta san ba a taɓa zuciyar tsiron, don ita za ta dawo baɗi. Da ma ya ja ta gefe ne ya yi mata bayani da Hausar da yake sayen kaji da ita, da da sauƙi. Shi burinsa baƙi su ga yana aiki.

Sai da na yi mako ina zarya kafin aka ba ni laujen. Na kawo mata, ta karɓa ta soke shi jikin danga.

Hanyar kuwa ba ta yi ƙarko ba. Garin da babu dutse ka zube fararen duwatsu a daji, me kake tsammani? Kafin damina rabinsu sun zama murhu, har a gidan maƙwabtanmu na ga uku, fentina ya yi baƙi da hayaƙi. Sauran kuma rairayi ya binne su. Da ruwa ya sauka ƙarangiya ta rufe ko'ina, tunda babu ƙafar da ke takawa kullum. Bayan damina ta biyu shugaba ya shiga da wasu baƙi suka ɓace tun hantsi har la'asar, sai wani makiyayi ne ya fito da su, wandunansu sun yi dam da ƙaya. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi.

Kuma don rashin kunya, washegari ya ba ni sabulu da turmin zane in kai wa mama, ta zo ta sake nuna hanya. Na kai, don har lokacin ban gama hankali ba. Na tarar da ita tsaye tana dakan gero. Ko duban kayan ba ta yi ba, ta ce:

"Mai da mishi. Ka ce ƙahwata na ciwo."

Ta ci gaba da dakanta. Daga ranar na mayar musu da hularsu da rigarsu.

Ba a jima ba projen ya tattara ya tafi, wayar ta faɗi, mata suka koma yankan kabarsu suka sake ƙulla hanyoyinsu. Mahaifiyata ce kawai ba ta koma ba. Ranar kasuwa take sayen kaba a hannun matan da ita ta koya wa riƙon lauje, ta dawo ta yi saƙarta.

Na daɗe ina ɗora laifin duka a kan shugaban projen nan. Bayan na zama malamin lakwal, wani hutu na zo gida na zauna gefenta tana saƙa. Na ce mata ai waya ta faɗi tuntuni, me zai hana ta koma? Na shiga zagin shugaban, ina cewa Allah ya isa tsakaninta da shi. Ta bar ni na gama, hannunta bai tsaya ba, sannan ta ce:

"Shi wancan ban ji abin da ya hwaɗi ba, ban jin yarenshi. Kai na ji."

Yau duk wanda ya ce in isar masa da magana ga wani, sai na auna ko zan iya faɗinta a matsayin tawa, don na gane "an ce" ba ta wanke mai faɗi. Fushina da mutumin nan yana nan, amma yanzu rabinsa nawa ne. Na ba ta haƙuri a ranar, ta ce ya wuce, kuma na san ta yafe. Dajin nan dai ba ta ƙara taka shi ba har ƙafarta ta daina kai ta nesa.