Shatin Yatsu a Bayan Ɗana

Shatin yatsu, baƙi kamar ƙuna, a bayan ɗana Hafiz! Tun da na gani wajen wanka na kasa zaune na kasa tsaye. Surukata ta ce aljanu ne, ni kuwa kowa a gidanmu na haya a Kaladan sai da na zarge shi.

A asibiti nas ta ce, "Madam, kin matse lemun tsami kwanan nan?"

"Na matse a sobolon suna."

"Kika ɗauke shi, ya fita rana ba riga? Ruwan lemun in rana ta same shi a fata, ƙona ta yake. Zai dushe."

Na ɗora hannuna a kan shatin. Ya zauna cif.

Jama'a, da wane ido zan kalli maƙwabtana yanzu?